Yadda za ka nemo tsohuwar Peugeot 504, ka saya, ka dawo da ita kan titi

Idan masu son tsofaffin motoci suka zauna hira a kan motocin shekarun 1970, akwai sunaye uku da ba sa wuce su: Marsandi W123 da ta shiga kasuwa a 1976, da Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Legas, sai kuma Peugeot 504. Kowacce da mutanenta, kuma ba na jayayya da wanda ya ce Marsandin ta fi kaurin ƙarfe. Amma mutumin da ke zaune a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, wanda ke son ya mallaki tsohuwar mota ya riƙa hawa, Fijo zan nuna masa. A Kaduna aka haɗa ta, kayanta ba su ƙare a kasuwa ba tukuna, kuma da sauran dattawan makanikai da suka san ta ciki da bai.

A Faris aka fara nuna ta a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Sai dai hanyoyin Afirka ne suka yi mata suna. Da ita direban tsere Ove Andersson ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975, a shekarar ce kuma aka buɗe masana'antar PAN, mai haɗa Fijo, a Kakuri, Kaduna, zamanin Janar Yakubu Gowon. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta kawo tsarin rage facaka, 504 ta zama motar manyan ma'aikata. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ba ta tsaya ba sai a tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa har yau ake samun ta kwance a bayan gidaje, ƙura ta lulluɓe ta, tayoyi sun sace. Abin da ke damuna shi ne 'yan gwangwan sun fi mu saurin isa gare ta. Wadda suka yanka suka ɗora a sikeli ta tafi ke nan.

Mafi yawan waɗanda ke shiga wannan harka kuɗinsu yana ƙarewa ne saboda sun fara ta inda ya kamata su ƙare. Suna sayen mota don fentinta na ƙyalli, ko su kai ta wurin mai fenti tun kafin su leƙa ƙarƙashinta. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi.

Da farko, ka san wacce kake nema

504 ba iri ɗaya ba ce. Akwai salun mai ƙofa huɗu, ita ce ta fi yawa, kuma a cikin haɗin Kaduna za ka ci karo da GR da SR, da Bestline ta ƙarshe-ƙarshe. Akwai wagon da ta fito a 1971, ta fi salun tsawo, wata tana da kujeru layi uku, ita ce ta riƙe tashoshin mota daga Sakkwato har Maiduguri shekara da shekaru. Akwai akori-kura. Sai masu ƙofa biyu, rufaffiya da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda suka fito a 1969; waɗannan a Turai aka fi samun su, kuɗinsu kuma ya wuce abin da muke magana a kai.

Ga mai farawa, salun ta gida ita ce zaɓina. Wagon tana da kwarjini, amma yawancinsu haya suka yi har suka gaji, an laɓta musu kaya fiye da ƙima, an yi musu walda a kan walda. Idan ka dace da wadda ta yi aiki a makaranta ko asibiti ko wata ma'aikata, to ita daban ce, kada ka yi sake da ita.

Ta ɓangaren inji, masu fetur da aka fi gani biyu ne: mai cc 1796 da mai cc 1971. Ka nemi na biyun mai kafireta. Yana da ƙarfin da zai ɗauki na'urar sanyaya ciki, kuma irinsa ne aka sa wa 505 da yawa, don haka kayansa ba sa wuya. Akwai TI mai famfon allurar fetur na Kugelfischer, tana da daɗin tuƙi, sai dai samun wanda zai saita maka famfon aiki ne babba. Mai dizal na Indenor yana da juriya, ba shi da gudu.

Inda take, da yadda ake tambayarta

Za ka ga tallace-tallace a Facebook da sauran dandalin saye da sayarwa, amma motar da ta kai can ta riga ta bi ta hannun dillalai, an wanke ta, wani lokaci an shafe mata aibu. Masu kyau suna gidajen tsofaffin ma'aikata, da garejin ma'aikatun gwamnati inda ake jiran gwanjo, da bayan garejin makanikai inda mai ita ya kawo gyara bai dawo ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sami tsohon bakaniken Fijo na garinku ka gaya masa abin da kake nema. Ya san gidan da kowace take, ya san wadda ta taɓa kifewa, ya san wadda mai ita bai taɓa barin direba ya wuce gari da ita ba.

Idan ka je gidan dattijo, kada ka fara da maganar kuɗi. Motar nan da ita ya kai matarsa asibiti, da ita ya kai 'ya'yansa makarantar kwana. Ka yi sallama, ka gaisa yadda ya kamata, sannan ka ce: "Baba, na ga motarka a rumfa, irinta nake nema in gyara in hau. Ba yankawa zan yi ba. In akwai ranar da za ka rabu da ita, don Allah a tuna da ni." Sau da yawa wannan maganar ta fi ƙarin kuɗi tasiri. In ya ce ba yanzu ba, ka yi godiya ka bar lambarka wurin ɗansa. In kuwa da dillali a tsakani, ku yanke la'adarsa tun kafin a je ganin mota.

Takardu kafin ka buɗe bonet

Mota marar takarda kayan gyara ce kawai, komai kyanta. Ka nemi shaidar mallaka, da tsohon lasin mota ko da ya daɗe da ƙarewa, da rasit ɗin saye in yana nan. Wadda aka saya a gwanjon gwamnati tana da takardar gwanjo, ka gan ta da idonka. Haɗin Kaduna ba ta da takardar kwastam don ba shigo da ita aka yi ba, amma wadda aka tsallako da ita daga Kwatano ko Nijar dole ta kasance da ita. Kada ma ka yi tunanin shigo da wata yanzu ba tare da ka tambayi kwastam ba, domin doka ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita Najeriya.

Sai ka gwada lambobi. Akwai farantin ƙarfe a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da lambar chasis, akwai kuma lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar, ga lambar inji a jikin bulok. Ka goge su da tsumma da ɗan fetur ka karanta harafi bayan harafi. Canjin inji ba laifi ba ne a motar da ta shekara arba'in, amma a rubuta sabuwar lambar a yarjejeniya. Lambar chasis da ta ga guduma ko walda kuwa, ka juya ka tafi.

Akwai wani abu da ke jawo rigima wanda ba a cika faɗa ba: motar gado. Idan mai ita ya rasu, ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar maka shi kaɗai. Ka tabbatar an raba gado motar ta faɗo a kasonsa, ko kuma duk magada su sa hannu, da shaidu, da mai unguwa in da hali. Bayan ciniki ka yi canjin mallaka a ofishin lasin, ka bincika rajistar motoci ta 'yan sanda, sannan inshora da takardar lafiyar mota ta VIO idan ta tashi.

Jiki: nan ne cinikin yake

Inji ana sauke shi a ɗora wani cikin kwana biyu. Jikin da tsatsa ta cinye kuwa ba shi da madadi, domin salun da wagon ba su da wani chasis daban da aka ɗora bodi a kai. Bodin shi ne ƙashin motar. In ya ruɓe, komai ya ruɓe. Saboda haka a nan za ka ɓata mafi yawan lokacinka.

Ka je da rana tsaka, da tocila, da sukundireba, da ɗan mayen ƙarfe naɗe a tsumma, da kwalin da za ka kwanta a kai. Kada ka yarda a wanke motar kafin ka iso, jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye komai.

Fara da ɗaga kafet ɗin gaba, ɓangaren direba da na fasinja, har sai ka ga ƙarfe. Idan robar gilashin gaba ta tsage, ruwan damina yana bi ta nan ya kwanta a ƙarƙashin kafet, shekara bayan shekara. Dafa bakin sukundireba a ƙasan ka danna da ƙarfinka. Lafiyayyen ƙarfe zai tsaya ƙyam. Wanda ya ci zai yi ɓurum, ya zubo da jan gari, wani lokaci ka hango ƙasa ta ramin. Daga nan ka bi dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya, musamman wuraren da ake kafa jak. Ka buɗe bonet ka duba inda kan shokazoba na gaba ke ɗaure, dama da hagu, da mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga. Ka kwashe komai daga but ka duba ƙasansa da kusurwoyinsa biyu. Sannan ka shimfiɗa kwalinka ka shiga ƙarƙashi, ka haska inda ƙafafun baya suke kame da jiki. Tsatsa a ƙofa ko a fenda abin gyara ne. Tsatsa a inda shokazoba ko ƙafar baya ke riƙe, wannan magana ce ta rai, kuma gyaranta na ƙwararre ne.

Mayen ƙarfen kuma aikinsa tona asirin fila. Ka bi da shi a hankali ta gindin ƙofofi, da bakin fenda, da kewayen fitilu. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya sulluɓe ya faɗo, an cika wurin da fila an bi da fenti. Kaɗan ba komai, amma in rabin gefe guda bai kama ba, motar ta sha karo. Ka tsaya a gabanta ka dubi tazarar da ke tsakanin bonet da fenda ta kowane gefe, ka buɗe kowace ƙofa ka rufe. Ƙofar 504 mai lafiya ba ta bukatar a ɗaga ta kafin ta kama.

Mu a Arewa muna da sa'a ɗaya: busasshiyar iska. Motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Zinder ta fi wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal lafiyar ƙarfe nesa ba kusa ba. Abin da rana ke ci a nan shi ne dashbod da robobi da kushin. Ka lura da su, don dashbod marar tsagewa da fitilun gaba na asali da ƙarafan ado na gefe sun fi kayan inji wuyar samu yanzu. Motar da ke da waɗannan cikakku ta cancanci ƙarin kuɗi ko da injinta ba ya tashi.

Inji

Ka roƙi mai motar kada a tayar da ita kafin ka zo. Da isarka ka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, ka dawo gobe da sassafe. Injin da ya gaji yana ɓoye halinsa idan ya yi zafi.

Kafin a murɗa makulli, zaro sandar gwada baƙin mai, ka kuma buɗe murfin da ake zuba shi. In ka ga ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya haɗu da mai. A wannan injin hakan na nufin ɗaya daga biyu: gaskit ɗin tof silinda ya ƙone, ko kuma abin toshiyar gindin silif ya saki. Silindojin 504 silif ne da ake zarewa, ruwan lagireto yana zagaye su kai tsaye, wannan ne ya sa ake iya sabunta injin sau da yawa ba tare da an kai bulok wurin gundura ba. In kuma man ya yi kauri fiye da ƙima yana jan zare, wani ya zuba abin da zai rufe bakin ƙarar metal.

Buɗe murfin lagireto tun injin yana da sanyi, kada ka kuskura ka taɓa shi da zafi. A tayar. Ya kamata fitilar baƙin mai ta mutu nan take. Ka sa ido a bakin lagireto: kumfa da ke ta tasowa ba ƙaƙƙautawa alama ce ta gaskit. Ka zagaya baya ka dubi salansa. Shuɗin hayaƙi, injin yana shan baƙin mai, ringi ne ko robobin bawul. Baƙi, kafireta ce ke ba da fetur fiye da ƙima, wannan mai sauƙi ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda. Ƙaramar ƙara ta caf-caf daga sama saitin bawul ne kawai. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in an taka totur, karanshaf ne da metal. In bakanikenka na da agogon gwada matsi, a gwada silinda huɗun. Abin da ake so su yi kusa da juna, kada ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran da fiye da kashi goma cikin ɗari.

Motar da ta shekara biyar ko goma a kwance kuwa, kada ka bari a kawo batir a fara kik. A cire fulogogi, a ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya kwana, a juya injin da sifana. In ya juya, alhamdu lillahi. A zubar da tsohon fetur, a wanke tanki, a canza mai da filta, a duba ko ɓeraye sun ci wayoyi, sannan a gwada tayarwa.

In tana tafiya, ka tuƙa ta da kanka

Ka nemi hanyar da ke da kwalta da kuma gargada. A kan kwalta ka saurari giya: shiga ta biyu da ƙara, ko giya ta fita da kanta in ka ɗaga ƙafa, aikin giyabos ne. Ka taka totur ka saki, ka sake takawa. In kana jin ƙwas daga baya, akwai lasko a farfela ko a aksul. Farfelar 504 a cikin bututun ƙarfe take tun daga giyabos har aksul, ba a ganin ta daga waje, don haka kunne ne zai gaya maka. A kan gargada kuma za ka gane dalilin da ya sa mutane suka so motar nan: mai lafiya tana shanye rami ba tare da ta jijjiga ka ba. In tana ta rausaya bayan ramin ya wuce, shokazoba sun mutu. Ka taka birki a inda babu kowa ka ga ko tana fizga gefe. Daga ƙarshe ka bar ta tana aiki a tsaye minti goma sha biyar kana kallon allurar zafi.

Wajen ciniki, ka lissafa abin da ka gani a gaban mai ita cikin ladabi, ba don ka kushe motarsa ba. Kuma kada ka zuba duk abin da ke hannunka a saye. Ni a ganina, in kuɗin da ka ware bai kai ka sayi motar ka kuma rage kwatankwacinsa ko fiye don gyara ba, ka ƙara haƙuri. Araha ba ta ado: wadda aka ba ka a banza da ruɓaɓɓen ƙasa ita ce za ta fi cin kuɗi. Ka ɗauko ta a kan motar ja ko da tana tashi, don tsohon birki da tsofaffin tayoyi ba abin yarda ba ne.

Gyara, ɗaya bayan ɗaya

Bakanike za ka fara zaɓa, kuma wanda ya yi zamani da Fijo, ba wanda ya taso a kan motocin da ake sa wa kwamfuta ba. Ka tambaye shi yadda yake sauke tof silinda. In ya ce maka sai ya danne silif da ƙarfe kafin a juya karanshaf, ka sami mutuminka. Wanda bai san wannan ba zai juya injin, silif su motsa, a rufe, bayan mako biyu ruwa ya sake gangarawa cikin mai. Ku yi magana a kan kuɗin aiki kashi-kashi, kana biya bayan kowane kashi ya kammala. Ka ɗauki hoton komai kafin a kwance, ka kwashe fitilu da bajoji da ƙarafan ado ka kai gida. Motar da ta daɗe a gareji ba mai leƙa ta, a hankali take zama wurin aron kaya.

Walda ce farko. A yanke ruɓaɓɓen ƙarfe gaba ɗaya a sa sabo, kada a ɗora faci a kan tsatsa. A cire tanki da kafet kafin a kunna wuta. A shafa firama a kan duk inda aka gyara, ciki da waje, a tsaya nan. Fenti da saura.

Sai birki, dukkansa: masta, robobin kowace ƙafa, tiyo na roba, da sabon mai. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Wasu 504 faranti ne a ƙafa huɗu, wasu kuma ganga ce a baya, ka leƙa ka san taka kafin ka je kasuwa. A rana ɗaya a canza duk tiyon fetur daga tanki zuwa kafireta. Tsohon tiyo da ke ɗiga kusa da inji mai zafi shi ne ke ƙone irin waɗannan motoci. Mai gyaran waya ya bi layi ɗaya bayan ɗaya, ya cire duk inda aka naɗa waya a madadin fiyus, ya kankare wuraren da aka ɗaure waya da jikin mota. Ka sayi abin kashe gobara tun a wannan matakin.

Bayan nan sanyaya inji. A wanke lagireto ko a sake masa ciki, a duba famfon ruwa da fanbel da fanka. Makanikai da yawa suna cire tamostat su jefar, wai ƙasarmu da zafi. Ban yarda da wannan ba. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki da wuri yana shan fetur yana kuma saurin cinyewa, musamman da sanyin hunturu. A sa sabo. Kuma a daina zuba ruwan rijiya zalla. Tof silindan alminiyom ne, ruwa mai gishiri-gishiri yana cin sa daga ciki. Ruwan lagireto na kanti shi ne daidai.

Injin kansa, in matsinsa da kyau, kada a buɗe shi don marmari. Saiti ya ishe shi: bawul na shiga milimita 0.10, na fita 0.25, da sanyi. Bakin kwantak 0.40, tsarin wuta 1-3-4-2, kuma a tuna Faransawa daga ɓangaren giyabos suke fara ƙirga silinda. A wanke kafireta a sa mata sababbin gaskit. Wanda ya gaji da kwantak yana iya sa na lantarki a cikin distirbuta, ba ya canza kamannin injin. In kuwa sai an sauke, a sayi silif da fistin da ringi saiti guda, a auna tsayin da silif ya ɗara bulok da shi kafin a rufe. Sa mata injin wata mota daban, wannan ban ba da shawara ba. Za ta yi tafiya, amma ta daina zama abin da ka fita nema, darajarta kuma ta faɗi.

Kaya kuwa, Kofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna su ne wuraren farko, sai Ladipo a Legas da Nnewi in abu ya gagara. Ka riƙa tafiya da tsohon a hannu don a gwada. Ga ƙarfe, kamar aksul ko giyabos ko hannun ƙofa, tsohon na asali ya fi sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba. Ga roba da gaskit da kayan birki, sabo kawai. Tayoyinta inci 14 ne, kuma tazarar ramukan wilinta huɗu ba irin ta yawancin motoci ba ce, don haka ka riƙe wilinta na asali da kyau. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, kada a sayar maka da wadda ta tsufa a shago.

Idan an gama ƙafafu, wato shokazoba da bushin da boris da sitiyari, ka hau ta haka nan da dabbare-dabbaren firama na wasu makonni. Duk abin da zai ɗiga ya ɗiga, duk abin da za a sake kwancewa a kwance shi yanzu, kafin sifana ta kusanci sabon fenti.

Fenti da ciki

Ka duba cikin but ko ƙarƙashin kafet, za ka ga launinta na asali inda rana ba ta taɓa ba. Shi nake so ka mayar mata. A cire gilasai da robobi kafin a fesa, kada a liƙe su da takarda a bi ta kai. A yi aikin a rufaffen ɗaki. Fentin da aka fesa a fili lokacin hunturu ƙura yake kwasa tun bai bushe ba. Kujerunta in ƙarfensu da soso suna nan, a sake musu riga a kan ɗinkin da suka zo da shi. Kada a fasa dashbod don sa babbar rediyo, akwai wurin ɓoye ƙarama a ƙasa.

Kilomita dubun farko

In an sabunta injin, ka bi shi a hankali: ba gudu, ba lodi, ba doguwar tafiya a giya ɗaya. Da ta cika kilomita 1,000 ka koma wurin bakanike a canza mai da filta, a sake ɗaure kusoshin tof silinda da sifana mai awo, a sake saita bawul. Mutane suna tsallake wannan, shi ne kuma ke sa sabon gaskit ya ƙone.

Ka riƙa tunawa mota ce ta wani zamani. Ba ta da jakar iska, birkinta ba irin na yanzu ba ne da ke hana taya ƙullewa, don haka ka gyara bel ɗin kujeru ka kuma bar tazara tsakaninka da na gaba. Fetur ma tana sha fiye da ƙananan motocin yau, abin da ya kamata ka sa a lissafi tun da aka cire tallafi a 2023. Ka ajiye ta a inuwa, ka fita da ita aƙalla sau ɗaya a mako har ta yi zafi sosai, don zama wuri ɗaya ne ke busar da robobi ya kuma kama birki. A but ka ajiye fanbel, da kwantak da kwandensa, da fiyus, da galan na ruwan lagireto. Ka sami ɗan littafi kana rubuta ranar da aka yi kowane aiki da kilomitar da take kai, kuma duk ranar da za a buɗe wani abu a injin, ka tsaya kusa da dattijon bakaniken kana tambaya, ka sa yaron shagonsa ma ya matso ya gani.